Ba Zazzaɓi Ne Ya Ɗauke Auta Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan da sauƙi, Mama ta fara taɓa abinci, Baba ma ya koma fita.

Yaya, a waya an ce miki zazzaɓi ne ya ɗauke Auta. Ciwon asma ne. Shekara uku ke nan da likita ya faɗa, ya rubuta mata abin shaƙa iri biyu, na kullum da na lokacin da ƙirji ya toshe, ya ce ta riƙa komawa. Sau ɗaya ta koma. Gwaggo ta zaunar da Mama ta ce wanda ya saba da shaƙa ba ya rabuwa da ita, kuma in maganar ta fita wa zai nemi yarinya mai asma? Tun ranar ciwon ya koma sanyi a gidanmu. Mama ta kulle na kullum ɗin a durowa.

Shagon ɗinkin da take aiki keke shida ne, taga ɗaya, ga ƙurar yadi. In ta fita shan iska mai shagon ya ce lalaci ne. Abokan aikinta suna kwaikwayon kukan ƙirjinta, har suka sa mata suna Usur. Ta koma shaƙa a banɗaki, daga baya ta daina zuwa da abin. Ranar Talata da hantsi ciwon ya taso mata tana kan keke. Suka yi ta mata fifita da kwali. Kafin a samo mota leɓenta ya yi baƙi. A asibiti nas ta tambaye ni ina maganinta.

Ban wanke kaina ba. Ɗakina na jikin nata, ina jin tarinta, ni ma na ce sanyi ne.

Jiya Gwaggo ta ja ni gefe, wai kada in kira sunan ciwon, akwai sauran 'yan mata a dangi. Na ce duk wanda ya tambaye ni zan faɗa masa. Ta ce ba ni da kunya.

Da muna waya na ji tarin 'yarki ta tsakiya, na kuwa san irin tarin nan. Ki kai ta asibiti, Yaya. Duk abin da aka ba ta, ki sa mata a jakar makaranta.

Ki gaida maigidanki da yara, Babba da 'yan biyu. Mama na gaishe ki, ba ta san na rubuto ba.

Ƙaninki.