Ni Na Hana A Sare Bishiyar Da Ta Faɗa Wa Baba Mai Agogo

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Wata biyu ke nan ina ɗauke da wani abu a ƙirjina, na rasa wanda zan faɗa wa, don duk waɗanda suka san zancen su ma da hannunsu a ciki. Ki yi haƙuri in na yi ta kewaye-kewaye, hannuna ya fi sabawa da almakashi a kan biro.

Ni tela ce. Shekarata goma sha ɗaya ina ɗinki a wani ɗan shago a bakin babban titi. A gabanmu akwai manyan bishiyoyi guda biyu da suka girme ni nesa ba kusa ba. Ɗaya tana daidai ƙofata, ɗayar tana ɗan gaba, inda ake tsayawa jiran mota. Shagona rufin kwano ne, ba sili, in rana ta take ba don inuwar nan ba ko keken ɗinki ba zan iya takawa ba. A ƙarƙashin ta ƙofar tawa na ajiye benci, nan masu kawo ɗinki ke zama su jira ni suna hira.

A gindin bishiyar akwai wani dattijo mai gyaran agogo, da ɗan teburinsa da akwatin gilashi. Kowa Baba Mai Agogo yake ce masa. Shi ke duba mini shago in na tafi ɗauko yara daga makaranta. Ta dalilinsa na san matarsa, wadda nake kira Inna. Lokacin da na haifi 'yata ta biyu mahaifiyata ta riga ta rasu, Inna ce ta bar gidanta ta zo ta yi sati uku a kaina. Ki riƙe wannan, don shi ne ya sa abin ya yi mini nauyi haka.

Bara aka zo gina magudanar ruwa a gefen titin. Da idona na ga masu haƙa sun datse saiwoyin bishiyar ta ɓangaren titi, wasu kaurinsu ya kai cinyar mutum, suka zuba siminti suka tafi. Ga kuma mai shayin layinmu da ya daɗe yana ƙona shara a gindinta har wurin ya yi kogo. Bayan nan Baba ya sha gaya mini cewa in iska ta taso yana jin ƙasa tana motsi a ƙarƙashin kujerarsa. Ni kuwa sai in ce masa tsufa ne, ƙafafunsa ne ke rawa ba ƙasa ba. Ya yi dariya, in yi dariya, shi ke nan.

Farkon damina ma'aikatan hukuma suka zo da mota da tsani da injin yankan itace. Suka shafa jan fenti a jikin bishiyoyin biyu. Shugabansu, wani mutum mai magana a hankali, ya ce ta ƙofata ta ruɓe ta ciki, da ita za su fara. Anti, ni ce na fito. Da tef ɗin awo a wuyana na je na jingina bayana da ita, na ce sai dai su haɗa da ni su yanka. Na ce ƙarya suke yi, sayar da itacen za su yi wa masu gidan burodi. Ba ni da wata shaida, bakina ne kawai ya faɗa. Mutane suka taru, aka dinga yi musu ihu. Cikin hayaniyar Baba ya ja gefen mayafina, ya ce, “'Yata, bari su rage ko da rassan ne.” Na juyo a gaban jama'a na ce in tsoro yake ji ya ɗauki teburinsa ya koma cikin rana. Aka kwashe da dariya. Ya koma ya zauna. Ma'aikatan suka naɗe igiyarsu suka tafi. Ranar har jinjina mini aka yi ta yi a layi, ni ma ina jin kaina.

Sati biyar bayan haka, da la'asar, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Iska ta riga ruwa zuwa. Muka ruga cikin shagona mu shida, har da Baba. Ya riga ya shigo, wallahi ya shigo, sai ya tuna ya bar akwatin agoguna a kan tebur. Na ce ya bari iska ta lafa. Ya ce kayan mutane ne, ya fita. Ban ji ƙara irin ta tsawa ba, wani irin gurnani na ji daga ƙasa, sai na ga simintin bakin magudanar ya ɗaga sama gaba ɗaya. Bishiyar ta faɗi a kansa da teburin. Mun fi rabin awa ana sara da gatari cikin ruwa kafin a zaro shi. Ni na riƙe kansa a cinyata a mota har asibiti. Kafin magariba ya cika.

Inna ba ta zuwa wajen titin, don haka abin da ta sani kawai shi ne bishiya ta faɗi. Duk wanda ya zo ta'aziyya sai ta nuna ni ta ce ga 'yar albarkar da ta riƙe kansa. Ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. A layinmu kuwa kowa ya ja bakinsa ya yi gum. In an taɓo zancen sai a ce ƙaddara ce, a sake wata hirar.

Yanzu babban ɗan Baba ya kai ƙara, an kafa kwamitin bincike, kuma an dakatar da shugaban ma'aikatan nan daga aiki, don a takarda an rubuta an tura shi sarewa bai sare ba. Satin da ya wuce shugaban ya zo shagona. Na zaci zagi zan sha. Ko zama bai yi ba, ya tsaya a ƙofa ya ce shekararsa ashirin da biyu yana wannan aiki, ba ya neman a kama kowa, roƙonsa kawai in je gaban kwamitin in faɗi abin da ya faru ranar. Na kasa ɗaga ido in kalle shi.

Maigidana ya ce kada in kuskura. Ya ce wa ya aike ni, ai ba ni kaɗai na yi ihun ba, in na buɗe baki zan rasa Inna, in rasa masu kawo mini ɗinki, ƙila ma a rufe ni. Na san tausayina yake ji. Amma ni na fara, Anti, ba don ni ba da babu wanda zai fito.

Ga kuma ɗaya bishiyar tana nan tsaye da jan fentinta, kullum mata da yara a ƙarƙashinta suna jiran mota. Ba wanda ke iya cewa a sare ta, don faɗin hakan kamar amsa laifi ne. Da na ga hadari hannuna ke fara rawa, sau biyu allurar keke tana huda mini yatsa. In yi shiru in tsira da mutuncina, ko in faɗa in rasa matar da ta zame mini uwa? Ni na kashe shi?

Tela mai shago a bakin titi

Ƙanwata,

Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ke hana ki numfashi. A'a, ba ke kika kashe shi ba. Ba ki nufe shi da sharri ba, inuwar da ke ciyar da ke da shi kike karewa. Amma ba zan lallashe ki da ƙarya ba: kin tare hanyar da za ta iya tserar da shi, kin yi wa ma'aikata ƙazafi, kuma kin kunyata dattijon da ya fi ki gaskiya. Wannan rabonki ne a cikin abin, ki ɗauke shi.

Sai dai kada ki ɗauki rabon wasu ki ɗora a kan naki. Waɗanda suka datse saiwoyi suka tafi suna da nasu. Mai ƙona shara yana da nasa. Hukuma ma tana da nata, babba kuwa. Sun san bishiyar ta ruɓe, ihu ya kore su, suka yi sati biyar ba su dawo ba, ba su kewaye wurin ba, ba su tashi kowa daga ƙarƙashinta ba. Ihun tela ɗaya bai isa ya soke aikin da ran mutane ke kansa ba.

Maigidanki ba mugu ba ne, kuma tsoronsa ba a banza yake ba. Ƙila Inna ta juya miki baya, ƙila wasu a layi su daina gaishe ki. Amma ki sa shi ya duba ɗaya gefen. Mutum nawa suka tsaya a wurin ranar? Maganar da jama'a suka gani da idonsu ba ta binnuwa, kuma shugaban ma'aikatan nan zai faɗi nasa ko kin je ko ba ki je ba. Inna za ta ji. Abin da ya rage a hannunki shi ne daga bakin wa za ta ji. In daga bakinki ne, kuskure ɗaya za ta riƙe ki da shi. In daga waje ne, za ta haɗa da duk ranakun da kika zauna kusa da ita tana sa miki albarka kina shiru, wannan kuwa ya fi wuyar yafewa.

Don haka wajenta za ki fara zuwa, kafin kwamiti. Ki zaɓi lokacin da gidan ba baƙi, ki tafi da maigidanki ko wata babbar mace da take jin nauyinta. Ki faɗa mata yadda kika faɗa mini, har maganar da Baba ya yi miki da amsar da kika ba shi. Kada ki rage wannan don ta fi ciwo, ita ce shaidar cewa mijinta ya hango abin, kuma tana da haƙƙin sani. Kada ki yi ta kuka har ta koma ita ke lallashinki. Ki nemi gafara sau ɗaya, kada ki tsaya jiran amsa a ranar. In ta ce ki fita, ki fita ba gardama, ki ci gaba da aika gaisuwa. Matar da ta bar ɗakinta sati uku don ta kula da ke ba za ta rasa inda za ta ajiye ki a zuciyarta ba, amma ita ke da lokacinta, ba ke ba.

Daga nan ki je kwamitin. Kafin ki je, ki zauna da lauya ko ofishin da ke ba da shawarar shari'a a garinku, ki san matsayinki, don ni ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba. In kin shiga ki faɗi duka: haƙar magudana, kogon, gargaɗin Baba, abin da kika yi, da sati biyar ɗin da ba wanda ya leƙo. Mutumin nan yana da iyali. Ki wanke shi daga abin da bai yi ba, sauran kuma kwamiti ya auna.

Abu ɗaya ne ba zai jira ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, bishiya ta biyu. Gobe da safe ki rubuta takarda zuwa hukuma, ki bi shago-shago a sa hannu, ki kai da kanki, ki riƙe kwafi. Ke aka saurara ranar da aka kori ma'aikata, ke za a saurara yanzu. Kafin su zo, ku ɗaura igiya ku kewaye ta, ku roƙi direbobi su riƙa tsayawa gaba kaɗan. In an sare, ku nemi a dasa wasu a inda saiwa za ta samu wurin kama ƙasa, don buƙatarku ta inuwa gaskiya ce, ba laifi ba ce.

Ga sauran masu karatu kuma: bishiyar da ta fara karkata, ko ta yi kogo, ko aka datse mata saiwa wajen gini, ko ƙasar gindinta ke tsagewa, a kai rahotonta tun kafin damina. In iska ta taso kada a fake a ƙarƙashin itace, kada a ajiye mota a wurin, kada kuma a koma ɗauko kaya, ko na wane ne.

Rawar hannun nan kada ki raina ta. Kin ga abin da ba kowa ke iya gani ya zauna daidai ba. In ta wuce wasu makonni ba ta ragu ba, ki ga likita ki gaya masa dalili, ba abin kunya ba ne. Ki kuma ba maigidanki wannan shafi ya karanta, ki ce na ce rakiya kike buƙata daga gare shi.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciyar taka ƙofar Inna, ya sanyaya mata, ya tsare ku da duk mai bin titinku a wannan damina.

Antinku