Ƙusa a Jikin Rumbun Mama Catherine

Litinin, 3 ga Yuni, 2024

Shekara ɗaya da wata biyu rabona da Gumel. Wata uku aka ce mini ranar da na sa hannu.

Aikin dai bai canja ba. Wayoyi shida a jaka, in yi ta yawo tsakanin Kafanchan, Gidan Waya da Gwantu ina duba yadda suke shan batir. Waya ko tana aljihu ba barci take yi ba. Bini-bini sai ta farka ta auna ƙarfin sabis, na dogon ƙarfen sadarwar da take kai da na maƙwabtansa. Wannan awon ne kamfani yake so a rage. Ni ruwa ya dake ni a kan babur, Oga Jason ya sa sunansa a rahoto a Abuja. Amma in za a faɗi gaskiya, lissafinsa bai taɓa kuskure ba.

Tawa wayar na kashe ta tun la'asar. Tambayar matata Rahmatu ɗaya ce, yaushe zan dawo.

Laraba, 5 ga Yuni

Mama Catherine, mai gidan da nake haya a bayan Gidan Waya, ta karɓo wayarta daga wurin caji. Tana kunnawa sai ga saƙo, wai an kira ba a same ta ba. Baƙuwar lamba. Ɗanta Azariya soja ne, can wajen Tafkin Chadi. Inda suke babu sabis, sai in an fito da su gari ya ari wayar wani. Ta bi lambar, ba ta shiga. Karo na biyu ke nan, kuma tun Ista ba ta ji muryarsa ba.

"Wayan ya mutu lokacin da yarona yana nema na," ta ce. Ba ta yi kuka ba. Ta je ta ɗora tukunya.

Asabar, 8 ga Yuni

Ba ruwana, na gaya wa kaina. Amma ido ba ya bari.

Babu wuta a unguwar tun da taransifoma ta ƙone. Sau ɗaya take kai caji shagon Luke, da safe. Daga nan sai yawo: ta hau dutsen bayan gida da waya a sama, ta sauko, ta nufi gonar citta, ta tsaya bakin rafi ta sake ɗagawa. In hadari ya taso sai ta jefa ta cikin gwangwanin madara ta danne murfi, kar ta jiƙe. Waya a cikin ƙarfe! Tana ciki tana neman sabis kamar mai haƙa rijiya a kan dutse. Kafin azahar ta mutu.

Neman sabis ɗin da take yi wa ɗanta shi ne yake kashe wayar. Ta yaya ake faɗa wa uwa haka?

Lahadi, 9 ga Yuni

Na faɗa. Na ce Mama, wayar nan in ta zauna wuri ɗaya mai sabis, hankalinta kwanciya yake yi, ta rage awo. In ana yawo da ita kuwa, duk ƙarfen da ta hango sai ta auna shi.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Injiniya, kana so in ɗaure shi a waje kamar akuya? In ya kira ban ji ba fa?"

Ban ga laifinta ba. Da ni ne ma da ban yarda ba.

Talata, 11 ga Yuni

Na bi gidan lungu-lungu da wayar awo. Wuri ɗaya ne sabis yake tsayawa bai rawa: jikin rumbu, ɓangaren gabas, daidai kan mutum. Na kafa ƙusa. Na yanka tsohuwar jarka na yi mata rumfa. Na kuma hana wayar neman babban sabis na intanet, wanda babu shi a nan, na bar ta a kan ƙaramin da ya isa kira.

Ta ce za ta gwada kwana ɗaya, don kar in ce ta raina karatuna. Da magariba caji saura kashi sittin da uku. Sau uku ta sa na karanta mata.

Alhamis, 13 ga Yuni

Yanzu Mama ce ɗaure a jikin rumbu. Ciyawa na cin citta, ta ƙi motsawa. Na gyara waya na ɓata gona.

Lahadi, 16 ga Yuni

Babbar Sallah. Na yi idi a Kafanchan cikin mutanen da ba su san sunan ubana ba. Na kunna waya na ɗan lokaci, na tarar da saƙon murya. 'Yata Fatimatuzzahra'u ce, wadda na baro tana rarrafe. "Abban cikin waya, barka da sallah." Haka aka koya mata, ko ita ta raɗa mini, oho. Na kashe.

Da na dawo na ce wa Mama ta tafi sujadar yamma a majami'a, ni zan zauna wa wayar. "To, Ubangiji ya ba ka lada, ɗana." Ta dawo mini da kaza soyayya, wai ba a barin baƙo ya yi sallah da gari da ƙuli. Ta ce kar in damu, Malam Mahauci ta kai wa ya yanka.

Mun shirya: ran da ba na fita awo, ni ne mai gadi, ita ta je gona.

Laraba, 19 ga Yuni

Ruwa tun safe. Babu kira. Oga Jason ya ce a ƙara mini wata biyu.

Asabar, 22 ga Yuni

Wajen ƙarfe biyar na yamma wayar Mama ta yi ƙara. Ina zaune ni kaɗai. A da, war haka tana gwangwani a mace.

Na ɗauka ban cire ta daga ƙusa ba, na manna kunne a jikin rumbu. Murya a dashe: "Wane ne wannan? Ina Mama?" Na ce ɗan haya ne, tana gona, lafiyarta ƙalau. Na ƙwala wa Doreen maƙwabciya kira, ta bar wanki ta sheƙa.

Azariya ne. Ya ce daga asibitin sojoji yake, ƙafa ce, an yi aiki. Wayar wata nas ce. "Oga, don Allah kar ka kashe. In ya yanke ba lallai in sake samu ba."

Na ce ba za ta yanke ba, akwai caji. Muka zauna a kan layi, ni da mutumin da ban taɓa gani ba. Ya tambayi citta, ya tambayi ko rufin ɗakin Mama yana yoyo har yanzu. Can ya ce, "Sau biyu na kira aka ce a kashe. Ka san abin da mutum yake tunani in ya kira nasa aka ce a kashe?"

Na ce na sani. Ashe ban sani ba.

Mama ta shigo da laka har gwiwa, babu ɗankwali. Ba ta taɓa wayar ba, kar ta motsa. Ta dafa rumbu da hannu biyu ta sa kunne. "Azariya, ka ci abinci?" Na shige ɗaki.

Lahadi, 23 ga Yuni

Ta kai godiya majami'a. Ta ce har sunana ta ba fasto. Ban hana ba.

Na kafa wata ƙusar a ƙarƙashin tata. Don gwaji ne kawai, ina so in ga yadda tawa za ta yi a wurin. Tun jiya ban kashe ta ba. Rahmatu ta kira da hantsi, ta yi tambayar da ta saba. Na ce ban sani ba tukuna, amma gobe ma ta kira, za ta same ni. Sai ta miƙa wa yarinyar.

Batir ɗin da na iya tanadawa: a wayoyin kamfani, kashi tara cikin ɗari. A ta Mama, bayan doguwar hirar jiya, saura kashi talatin da takwas. A tawa, arba'in da ɗaya, kuma a kunne take.