Sabuwar Yarinya a Ajin Su Rima

Talata, 9 ga Sha'aban, bayan isha

Malamar su Rima ta kira ni yau. An zaunar da sabuwar yarinya kusa da Rima, Hadiza, 'yar wasu ma'aikata daga Nijar, sai 'yata ta ɗauki jakarta ta koma kujerar baya.

A mota na tambaye ta da Hausa, ta amsa da Larabci kamar kullum: "Mama, ai Takaruniya ce. Mu 'yan ƙasa ne."

Takaruni, sunan rainin da ake kiran baƙin Afirka da shi a nan ƙasar Larabawa. Launinsu ɗaya, har hancin. Na san inda ta ji: wurin Hajiyarmu, da ke ware wa 'yar aiki kofinta daban. Ni kuma, da digirina, kullum ina gani ina shiru.

Ina aji uku a makarantar unguwar Ƙiblatain wata yarinya Balarabiya ta goge hannunta bayan ta taɓa ni. Na daɗe ina tsanarta. Sai yau na tuna ita ma shekararta takwas, daga gida ta zo da halin.

Na kira uwar Hadiza, za su zo cin abinci ranar Juma'a. Da na gaya wa Hajiya, ta ce, "A faranti ɗaya?"

Na ce, "Ɗaya, Hajiya. Kuma Rima ce za ta zuba musu ruwan wanke hannu."