Motar Ta Gyaru, Gwaggo Ba Ta Nan

Malam Nata'ala, don Allah ka taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Ni akawu ne a wurin awon gyaɗa a Gwarzo. Bara da kaka na sayi sabuwar akori-kura a wani kamfani a Kano. Suka ba ni garanti na shekara guda, watau abin da ya lalace su za su gyara kyauta, da sharaɗin kada bakaniken waje ya buɗe injin. Ni mutum ne mai bin ƙa'ida tun ina makarantar Midil, har yau kullum sai na rubuta abin da na yi da wanda zan yi gobe. Da ina ganin halin kirki ne. Yanzu ban sani ba.

Gwaggo Furera, yayar mahaifinmu, ita ta riƙe ni a Mainika bayan rasuwar mahaifiyata. Ran da na kai motar gida ta sa aka riƙo ta har ƙofar zaure, ta tofa addu'a, ta ɗaura laya a jikin madubi. Ta ce abu ɗaya take so, in kai ta Masanawa wajen ƙanwarta Uwaliya. Sun daɗe ba su haɗu ba, ita ƙafa ta ƙi, Uwaliya kuwa ido ya tafi. Na ce da zarar awo ya lafa.

Kafin ya lafa motar ta fara zafi, ruwan lagireto sai tafasa. Mudi bakanike na bakin tasha ya ce in bar masa ita, amma ya faɗa mini gaskiya cewa dabara zai yi, ba shi da sabon kaya. Na ƙi, na kai ta Kano. Ba zan yi musu ƙarya ba, sun karɓe ni da mutunci, har kujera aka ba ni. Suka ce kan injin ne ya tsage tun daga wurin ƙira, laifinsu ne, sabo zai taho daga Turai ta jirgin ruwa, sannan ya hau na ƙasa daga Ikko. In dawo mako mai zuwa. Haka na yi ta sintiri a kan buhuna a bayan manyan motoci, kullum mako mai zuwa.

Yayana Mijinyawa ya ce a sa Gwaggo a babbar mota ranar kasuwa. Ta ce ita ba buhun gyaɗa ba ce, a motar ɗanta za ta, Uwaliya ta shafa ta ji tunda ba ta gani. Ta haɗa tsarabarta, daddawa da kwalbar man gyaɗa da zanen saƙi, ta ƙulle. Duk ran da na je gaishe ta sai ta tambaye ni yaya mai jiki, ko likitocin Kano sun sallamo ta. Motar take nufi. Mukan yi dariya.

Da damina ta kankama ta kwanta zazzaɓi, kwanaki kaɗan Allah ya karɓi abarsa. Rafi ya kawo, saƙo bai isa Masanawa ba sai bayan an binne ta. Uwaliya ba ta sami zuwa ba.

A zaman makoki, gaban mutane, Mijinyawa ya kira ni Malam Garanti, ya ce in tambayi kamfanin ko ita ma za su sauya mini da sabuwa. Tun ranar in na gaishe shi lafiya kawai yake cewa, sunan kuma ya bi ni har wurin awo.

Yanzu kamfani sun aiko cewa mota ta gyaru. Wani dillali yana so ya saye ta can a Kano, ba sai na sake ganinta ba, kuma zuciyata ta karkata. Sadakar arba'in ta matso. Ƙullin tsarabar Gwaggo yana nan a ɗakinta, ba wanda ya taɓa. Na koma na duba rubuce-rubucena na watannin nan, na ga inda na rubuta a sa mai, a duba taya, a koma Kano, ban ga inda na rubuta cewa Gwaggo ta tsufa ba. Ni na hana ta yin ban kwana da ƙanwarta ke nan? In sayar in huta? Da wane ido zan je gaban Uwaliya?

Naka,
Mai Jimami, Gwarzo

Ya Mai Jimami,

Allah ya jiƙan Gwaggo Furera, ya ba ku haƙuri.

Kai motar kamfani ba wauta ba ce. Injin da ya zo da tsaga tun daga wurin ƙira, wanda ya sayar shi ya kamata ya gyara, Mudi ma bai ɓoye maka cewa faci zai yi ba. Ajali kuwa ba a garejin kowa yake ba. Inda ka gaza shi ne, da jira ya yi tsawo ba ka nemi wata hanya ba. Gwaggo ta ƙi babbar mota, amma ai da an iya ɗauko mata Uwaliya. Wannan tunanin bai zo maka ba, bai zo wa Mijinyawa ba. Maganarsa ta yi zafi, bai kamata a wurin makoki ba, sai dai shi ma gwaggonsa ce, ya rasa inda zai sauke baƙin cikinsa. Kada ka daina gaishe shi.

Kada ka sayar da motar yanzu. In ka sayar, kunyar tana nan, abin da za ka gyara da shi ne ya tafi. Je ka karɓo ta, ka sa su zaga gari da kai ka tabbata zafin ya daina. Daga nan wuce gidan yayanka, ka ce ya raka ka Masanawa domin ba ka iya zuwa kai kaɗai. Gaskiya ce, kuma da wuya babban wa ya ƙi irin wannan roƙo. Ku tambaya ko rafi ya janye kafin ku kama hanya.

Ka ɗauki ƙullin yadda ta ɗaure shi, kada ka kwance. Ka miƙa wa Uwaliya, ka gaya mata wanda ya haɗa da dalilin da ya makara, ba tare da dogon bayanin jirgin ruwa ba. Tambayar da kake yi ta wane ido, ka tuna ita muryarka za ta ji. Ka riƙe hannunta ta shafa motar, ta taɓa layar da yayarta ta ɗaura, sannan ka sa ta a kujerar gaba ka kai ta Mainika sadakar arba'in.

Allah ya kai ku lafiya, ya daidaita tsakaninka da ɗan'uwanka.

Malam Nata'ala