Ƙwarin Bana Ba Su da Wari

Auta,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da jikana, mijin nan nawa marowaci.

Gara in faɗa miki, ban ji daɗin zuwanku ba. Yaron ya toshe hanci a ɗakina, kina kallo ba ki tsawata masa ba. Ba haka na rene ki ba. Gaskiya ne ƙwarin nan masu faɗin baya sun addabe ni. Sun tsotse tumatirin lambu duk ya yi tabo, wake ya ƙi cika, yanzu sun shigo har bayan labule. Kullum ina bin su da silifa ina murƙushewa har bayana ya ƙage. Amma warin da aka san su da shi, na bana ba su da shi. Ɗakina tsaf yake. Raini ne kawai.

Allah ya shirya.
Mahaifiyarki

Mama,

Ina gaishe ki da ladabi. Ya ƙarfin jiki? Ki yi haƙuri, wallahi ba raini ba ne.

Suna da wari, Mama. Murƙushewar ce ke fito da shi, ya kama labule da katifa har da mayafinki. A ruwan sabulu ake jefa su. Amma ba wannan ne ya tayar min da hankali ba. Ranar da muka zo, tukunyar gas ɗinki tana yoyo. Tun daga ƙofar kicin na ji, ke kuwa kina tsaye kusa da ita kina neman ashana. Shi ya sa na ɗauke ta, ba gyara na kai ta ba kamar yadda na ce miki. Hancinki ya daina ji, kuma ke kaɗai ce a gidan.

Na share miki ɗakin da ke kusa da namu. Don Allah ki dawo wurinmu.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Auta

Auta,

Ina gaishe ku. Yi wa uwa ƙarya ba tarbiyya ba ce, ko da niyyar alheri.

Na kamo ɗaya daga cikin ƙwarin na murje shi a yatsa, na kai hanci. Babu komai. Na buɗe turaren marigayi babanku da nake ajiye da shi. Shi ma babu komai.

Na gaji. Ki turo mota idan na gama cire ragowar tumatirin. Labulen a bar su nan. Ki ce wa mijin nawa ya yi gaskiya, amma toshe hanci a gaban babba rashin kunya ne.

Allah ya yi muku albarka.
Mahaifiyarki