Karnen Awon Illo

Dogon Dutsi, 4 ga Maris

Zuwa ga Innata Sahura,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Baba da mutanen Dogon Kiriya baki ɗaya. Ina ciwon gwiwar? Balki, ke da za ki karanta mata, kada ki tsallake ko layi ɗaya, na san halinki.

Yau kwanana tara a kaso. Kin san abin da ya kawo ni, amma daga bakin yayana Abdulmajid kika ji, don haka ga nawa. Shi ya kwance san Kawu Liman da aka ba mu kiwo, ya ce mini Kawu ne ya aike shi kasuwa. Shi ya yi ciniki da Alhaji Mukhtar mai fataucin shanu, shi ya sa hannu a takarda da wannan rubutun nasa na 'yan lakwal masu karatun boko, shi ya sayi salula da sabon takalmi. Ni igiya kawai na riƙe.

Da jandarma suka kawo mu gaban alƙali, sai aka ce kowa ya fito da takardar haihuwa. Ta yayana ta ce sha shida. Tawa ta ce ashirin. Alƙali ya ce cinikin yaro ba ya zama ciniki, sa ya koma ga Kawu, Alhaji ya koyi tambayar shekarun mai sayarwa. Abdulmajid kuma an kai shi wurin alƙalin yara, aka yi masa faɗa, aka damƙa shi hannun Baba. Ta taga na hango su suna tafiya, Baba ya dafa masa kafaɗa kamar wanda ya ci jarrabawa. Ni aka ce babba ne, ni na ja yaro zuwa ga sata.

Inna, na yi dariya har wani ya ɗauka taɓuwa gare ni. Ki gaida kowa.

Ɗanki,
Illo

Dogon Dutsi, 19 ga Maris

Innata,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta Baba. Fura da ƙuli-ƙulin sun iso, Allah ya saka. Balki ta ce shi Abdulmajid dambun zogale kika yi masa don ya kasa cin abinci saboda damuwa. Allah ya ba shi lafiya.

Ke kin san yadda takardun haihuwar nan suka samu. Ranar da Baba ya tafi da shaidu biyu a yi mana su, shekara uku ya rage wa Abdulmajid don kada a hana shi jarrabawar birebe, ni kuma ya ƙara mini uku don in samu permin tuƙi da wuri in yi kabu-kabu in riƙa kawo cefane. Shi aka saya masa lokaci, ni aka sayar da nawa. A lokacin har daɗi na ji wai na zama babba.

Kowa a garinmu ya san wane ne ɗan fari. Shekara goma sha tara ba ki taɓa kiran sunansa ba don kunya, sai dai ki ce "wancan". Nawa kuwa kina kiransa sau goma a yini: Illo ɗebo ruwa, Illo kai jaki. Ina ƙarami na zaci ni ne na gaban goshi. Sai daga baya na gane abin da ake ji da shi ake ɓoyewa. Ina kishinsa, Inna, na faɗa, ko Balki za ta ji kunyar karantawa.

Wata ma'aikaciya mai kula da yara ta zo nan, ta dube ni ta ce fuskata ba ta kai ashirin ba. Ta ce in akwai karnen awo, ɗan littafin da likita ta ba ki da cikina, alƙali zai duba, kuma in ya tabbata sha bakwai gare ni, shari'ata ta koma ta yara. Yana cikin tasarki mai murfi, ƙarƙashin gado. Na san a shafin farko an rubuta haihuwa ta biyu ce, da shekarar ta farin. Na san wanda hakan zai taɓa. Duk da haka ina roƙonki, ki ba Balki kafin 2 ga Afrilu, ranar shari'a.

Ɗanki mai jira,
Illo

Dogon Dutsi, 3 ga Afrilu

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan gwiwar ta yi sauƙi, don an ce ita ta hana ki zuwa jiya.

Balki ta kawo saƙonki cewa gara ta cinye karne. Tana faɗa tana kallon ƙasa. Ban tambaye ta yadda gara ta buɗe murfin tasa ta bar zannuwanki ba.

An shiga shari'a. Ma'aikaciyar ta tashi ta ce tana shakkar takardata, ta nemi a kira shaidu daga Dogon Kiriya. Alƙali ya cire tabarau ya tambaye ni da kansa shekaruna nawa. Abdulmajid yana zaune a bayan Baba, da littafinsa a cinya, jarrabawa saura wata biyu. Ya ƙi ɗago kai. Wallahi na so in faɗa, har na ji zaƙin maganar a bakina. Sai na tuna ke za a kira, a sa ki tsaya gaban jama'a ki ambaci sunan nan da bakinki, ki miƙa shi.

Na ce ashirin. An yanke mini shekara biyu. Kin ga ni ma na zaɓi Abdulmajid, kamar kowa a gidanmu.

Kada ki ƙona karnen. Ranar da gwiwa ta bar ki kika zo, ki taho da shi a ƙullin zanenki. Ba zan nuna wa kowa ba. So nake in ga inda aka rubuta ni yaro ne.

Ki gaida Baba. Ki gaida wancan.

Ɗanki na biyu,
Illo