Ba Zan Sa Hannu a Kan Laifin Bidiyonku Ba

Zuwa ga Mai girma Darektan cibiyar koyar da sana'o'in hannu ta intanet, Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka, da fatan iyali suna lafiya.

Sunana Rabi, tela ce ni a Gamkalley, 'yar Maraɗi da neman abinci ya kawo Yamai. Ina cikin matan da suka yi rajistar darasin yanka da ɗinki a shafinku, domin sai da takardar shaidarku ake ba mutum ɗinkin kayan 'yan lakwal, wato 'yan makaranta. Na rubuto a fili ne saboda a fili aka manna sunana a ƙofar cibiyarku, cikin waɗanda aka ce sun yi maguɗi, aka hana su jarrabawa. Tunda an yanke mini hukunci ba a ji ta bakina ba, yau sai a ji.

Na ɗaya. Bidiyon darussanku ba ya tafiya a wayoyinmu. Manhajar shiga intanet da ta zo da salulata, wadda ma'aikatanku ke ce wa nabigater, murya kawai take fiddawa, fuskar wayar baƙi ƙirin. Sai in ji malama tana cewa a naɗe nan, a yanka can. Ina ne nan? Ina ne can? Ranka ya daɗe, wa ya taɓa koyon yankan wuyan riga da kunne? Na sauko da wata manhajar, ita kuma ta kawo hoto tar, amma malama sai motsa baki take yi kamar kifi. Ta ukun ba ta ma wahalar da kanta ba, wani ɗan zobe take ta juya mini har forfe ɗina na intanet ya ƙare.

Na biyu. Ban zauna na naɗe hannu ba. Duk abin da aka rubuta a shafinku na bi. Na share tarkacen da manhajar ta tara, na sabunta ta, na kashe abin tsimin intanet, na kashe wayar na kunna. Na tsaya a bakin titi neman rezo, ko waya za ta kama intanet, kamar mai jiran taksi. Daga ƙarshe na rufe shago na hau motar faba-faba na zo biro ɗinku, wato ofishinku. Ma'aikacinku ya buɗe darasin a ordinater ɗinsa, wato kwamfuta, cikin sanyin ɗaki, ya juyo mini da ita ya nuna mini cewa a wurinsu lafiya lau yake tafiya. Ai ban yi musu ba. Na miƙa masa wayata, ko karɓa bai yi ba, ya ce in nemi ordinater. Wadda take da ordinater da intanet na gida, me zai kawo ta koyon ɗinki ta waya?

Na uku, kuma nan ne laifin da kuka ɗora mini. Maƙwabciyata Hamsatu, Bazabarmiya mai sayar da kayan lambu, ita ta ga halin da nake ciki ta ara mini wayarta. Sai muka jera wayoyin biyu a kan teburin yanka, muka jingina su da gwangwanin maɓallai. Tawa tana ba da murya, tata tana ba da hoto. Mu ce bismillah, mu danna tare. In murya ta riga hoto, mu tsaya mu sake. Wani lokaci malama ta gama magana almakashinta bai iso ba, mu yi ta dariya har da hawaye. Haka na bi darussan nan tun daga na farko har na ƙarshe, kowane ɗaya na yanka shi a tsohon atamfa kafin in wuce. Ashe na'urarku tana can tana ƙirga cewa an buɗe kwantina na shafinku a waya biyu lokaci guda, wai na raba lambar sirrina da wani. Hamsatu ko zare ba ta iya sawa a allura, kuma ba ta da niyyar koya.

Na huɗu. Da na koma neman bayani, sakatariyarku ta miƙo mini takarda, wai in sa hannu na amsa maguɗi na nemi afuwa, sai a mayar da sunana. Na san wasu matan sun sa, kuma ban ga laifinsu ba, suna da 'ya'yan ciyarwa. Ni ma ina da su. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu kuma a ɓace yake. A unguwarmu mata suna bar mini shaddarsu da leshinsu su tafi ba tare da sun auna ba, saboda sun san ko ƙyalle ya rage zan mayar musu. Wannan sunan shi ne jarina, kuma yanzu masu zuwa shagona sun fara tambayata abin da suka ji an manna a ƙofarku.

Saboda haka ga buƙatuna. A cire sunana daga ƙofar nan, a manna gyara a inda aka manna zargi. A gwada bidiyonku a irin wayoyin da ke hannun ɗalibanku, a kowace manhaja, kafin a sake hukunta wata. A kira matan da suka sa hannu a tambaye su yadda suka kalli darasin, za ka ji abin mamaki.

Ranar jarrabawa zan zo da almakashina da tef ɗin awo, in zauna a inda ɗalibai ke zama. In za a fitar da ni, kada a aiko mai gadi. Ka fito da kanka, ranka ya daɗe, ka dube ni a gaban matan nan ka ce mini maguɗi na yi. Takardar shaidarku ina son ta, Allah ya sani, amma ba zan yi wa kaina ƙarya don in same ta ba.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya kare ka daga ɗaukar alhakin wanda bai ji ba bai gani ba, ya albarkaci zuri'arka.

Wassalam.

Rabi tela, Gamkalley, Yamai.